Shekara Hamsin Ana Neman Ma'auni: Yadda Aka Koyi Gwajin Sinadaran Har Abada a Ruwa da Ƙasa

A shekarar 1968, wani mai bincike a Jami'ar Rochester da ke jihar New York a Amurka, Donald Taves, ya ci karo da lissafin da ya ƙi daidaita. Aikinsa shi ne auna fulorid a jinin ɗan Adam, wato sinadarin nan da ake sa wa man goge baki da ruwan famfo domin kare haƙora. Idan ya auna jinin yadda yake, sai ya sami adadi kaɗan. Idan ya fara ƙona shi ya zama toka kafin ya auna, sai adadin ya haura. Taves ya fahimci cewa fulorin iri biyu ne a jikin mutum: akwai wanda ke yawo a sake, akwai kuma wanda ke ɗaure da wani abu, ɗaurin da wuta ce kaɗai ke kwance shi. Ya wallafa sakamakon a mujallar Nature, ya kuma yi zargin cewa daga masana'antu abin ya fito. Sunansa da yawansa kuwa, kayan aikin zamaninsa ba su iya faɗa masa ba.

Sai da aka yi kusan shekara talatin kafin a iya kiran wannan abu da sunansa a kuma auna shi a jinin talakawa, sannan aka ƙara wasu shekaru ashirin da 'yan kai kafin a sami hanya guda da hukuma ta amince da ita ta gwada shi a ƙasar noma. A tsawon wannan lokaci, duk abin da na'ura ta kasa gani an lissafa shi a matsayin babu. Wannan shi ne zaren da ya ratsa tarihin sinadaran da ake kira PFAS, kuma shi ne dalilin da ya sa duk wanda aka miƙa wa takardar gwaji mai ɗauke da kalmomin "ba a samu ba" ya kamata ya san tarihin da ke bayansu.

Ɗaurin da ba ya kwancewa

A watan Afrilun 1938, Roy Plunkett, masanin haɗa sinadarai a kamfanin DuPont, ya buɗe wata tukunyar iskar gas ya tarar ta daskare ta zama farin gari mai santsi. Wannan gari shi ne ya zama Teflon. A ƙarshen shekarun 1940, kamfanin 3M da ke jihar Minesota ya karɓi wata dabara da Joseph Simons ya ƙirƙiro, ta amfani da wutar lantarki wajen lulluɓe sarƙar kabon da fulorin, ya fara sarrafa irin waɗannan sinadarai da yawa. Biyu daga cikinsu suka yi fice. Na farko PFOA, wanda DuPont ya fara saye a 1951 domin masana'antarsa ta Teflon da ke kusa da garin Parkersburg a jihar Birjiniya ta Yamma. Na biyu PFOS, tushen maganin hana tabo na Scotchgard da kuma kumfar kashe gobarar man fetur da rundunar sojan ruwan Amurka ta samar tare da 3M a shekarun 1960.

Abin da ya sa kasuwa ta so su shi ne ya zama matsalarsu. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da fulorin yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a wannan fanni. Zafin girki bai karya shi, hasken rana bai cin sa, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da gawa ba su da abin da za su yi da shi. Laƙabin "sinadaran har abada" ya bazu ne daga 2018, bayan Joseph Allen na Jami'ar Harvard ya yi amfani da shi a wani sharhi a jaridar Washington Post. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar OECD ta jera nau'i 4,730 na wannan dangi.

Zamanin toka

Taves bai saki maganar ba. A 1976, shi da Warren Guy da Wallace Brey suka wallafa abin da suka samu bayan sun tattara ruwan jini daga ma'ajiyar jini ta biranen Amurka biyar, suka tace shi, suka duba shi da na'urar maganaɗisu mai nuna fasalin ƙwayar sinadari. Hoton da ya fito ya yi kama da na dangin PFOA, amma kama kawai suka iya cewa.

Wahalar tana da dalilai na zahiri. Babbar na'urar tantance sinadarai ta wancan lokaci tana buƙatar abu ya zama tururi kafin ta rarrabe shi, PFOS kuwa ba ya tashi tururi. Sauran na'urorin da ke gane abu ta yadda yake shan haske su ma ba su ganin sa. Abin da ya rage shi ne hanyar Taves: a ƙona samfuri, a auna jimillar fulorin da ya fito. Wannan hanya tana iya nuna cewa jinin ma'aikacin masana'anta ya cika da fulorin, amma ba ta bambance wane sinadari ba ne, kuma ba ta da kaifin da za ta bi sawunsa a kogi ko rijiya.

Duk da haka, raunin na'ura bai isa ya zama uzuri ba. Takardun cikin gida da suka fito a ƙarar da jihar Minesota ta shigar da 3M, wadda aka sasanta a 2018 kan dala miliyan 850, sun nuna cewa Guy ya tuntuɓi kamfanin tun 1975, kuma masanan kamfanin sun gwada hoton da nasu kayan suka ga ya fi dacewa da PFOS. Ba a sanar da masu binciken ba. Wanda ke da ainihin sinadarin a kwalba shi ke da mabuɗin gane shi, kuma mabuɗin ya zauna a aljihu ɗaya har tsawon shekara ashirin.

Shaidu uku

Mafita ta zo daga wani fanni dabam. A shekarun 1980, John Fenn na Jami'ar Yale ya inganta wata dabara ta tura ruwa ta cikin siririyar allura mai ɗauke da dubban bolt na lantarki. Ruwan na fita a matsayin feshi mai caji, ɗigon ya bushe a iska, ƙwayoyin sinadarin su rage su kaɗai suna shawagi, a shirye domin a auna nauyinsu. Fenn ya sami kyautar Nobel a 2002 saboda amfanin dabarar ga nazarin furotin, amma ita ce ta buɗe ƙofar auna sinadaran da ba sa tashi tururi.

Na'urar da ta samu daga wannan haɗi, wadda ake taƙaita sunanta da LC-MS/MS, ita ce ginshiƙin gwajin PFAS har yau. Ana tura samfurin ta cikin wani ɗan bututun ƙarfe cike da gari mai laushi. Kowane sinadari na jinkiri a ciki gwargwadon yadda yake manne wa garin, don haka kowanne na da lokacin fitowarsa. Daga nan feshin Fenn ya miƙa shi ga matacin farko, wanda ke barin nauyi ɗaya tak ya wuce: 499 ga PFOS, 413 ga PFOA. Sai a farfasa ƙwayar da iskar gas, mataci na biyu ya nemi gutsattsarin da aka san tana bayarwa, wato 80 da 99 ga PFOS, 369 ga PFOA. Lokacin fitowa, nauyi, da gutsattsari: sai shaidun nan uku sun yi ittifaƙi kafin a ce an ga sinadarin.

A 1997, aka ba wata matashiyar masaniya a 3M, Kris Hansen, aikin auna jinin ɗan Adam da irin wannan na'ura. Ta auna jinin mutanen da ba su taɓa shiga masana'antar ba, sai ta ga PFOS a cikinsa. Zato na farko shi ne kayan aikinta ne suka gurɓata. Aka yi ta neman jini mai tsabta daga wurare daban-daban, har aka same shi a wani tsohon ajiya na jinin kuratan sojan Amurka da aka ɗiba tsakanin 1948 da 1951, kafin kayan su cika kasuwa. Wannan tsohon jini ya wanke na'urar daga zargi, ya kuma tabbatar da abin da Taves ya hango. A 1998 kamfanin ya kai rahoto ga Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, a watan Mayun 2000 kuma ya sanar da cewa zai daina sarrafa PFOS. Shekara guda bayan haka, John Giesy da Kurunthachalam Kannan na Jami'ar Jihar Michigan suka nuna sinadarin a jikin kifaye da tsuntsaye da dabbobin teku, har da farar dabbar beyar ta yankin ƙanƙara na arewacin duniya.

Ɗigo ɗaya a tanka dubu da ɗari biyar

Jini yana tara waɗannan sinadarai, don haka ganin su a cikinsa ya fi sauƙi. Ruwan sha kuwa ana maganar nanogiram ne a lita, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan. Idan ana son a kwatanta, ɗigo ɗaya ne a cikin lita miliyan 50, ruwan da zai cika tankar mai ta lita 33,000 fiye da sau 1,500.

A irin wannan ƙanƙanta, ɗakin gwajin kansa ya zama abin tuhuma. Bututu da murafe da yawa na na'urorin an yi su ne da Teflon, suna kuma zubar da abin da ake nema a cikin samfurin. Kwalbar gilashi tana riƙe wani kaso a jikinta. Rigar ruwan mai ɗibar samfuri da takardar da aka naɗe masa abincin rana na iya ɓata sakamako. A 2005 aka yi gwajin kwatance na farko na duniya, inda ɗakunan gwaje-gwaje 38 daga ƙasashe 13 suka karɓi samfurori iri ɗaya. A kan samfurin ruwa, mafi yawansu ba su kawo amsar da ta gamsar ba.

Daga wannan ruɗani ƙa'idoji suka fito. A 2009, EPA ta fitar da hanya mai lamba 537 domin ruwan sha, mai auna sinadarai 14, hukumar ƙa'idoji ta duniya ISO ita ma ta fitar da tata mai lamba 25101. Tsarin 537 shi ne a ɗebi mililita 250 a kwalbar roba nau'in folifurofilin, a bi da ruwan ta cikin wani ɗan mataci da ke kama sinadaran, a wanko su da metanol, a busar da iskar naitirojin, a mayar da su cikin mililita ɗaya. An ninka ƙarfinsu ke nan sau 250 kafin na'ura ta gan su. Tare da kowane rukunin samfuri akwai kwalbar ruwa mai tsabta da ake buɗewa a wurin ɗiba a juye ta a wata kwalbar, domin idan ita ma ta nuna sinadarin, an san daga hannun ma'aikaci ko iska ya shiga.

Gyara mafi muhimmanci shi ne na tagwaye. Ana ƙera kwafin kowane sinadari da kabon mai ɗan ƙarin nauyi, kabon-13, wanda halinsa ɗaya ne da na asali amma na'ura na bambance su. Ana zuba sanannen adadi na tagwayen tun farkon aiki. Idan kashi 20 cikin ɗari na tagwai ya ɓace a hanya, an san na asalin ma haka ya ɓace, sai a gyara lissafi. A kan wannan dabara aka gina hanya ta 533 da ta fito a ƙarshen 2019 da sinadarai 25.

Ƙasa ta fi ruwa taurin kai

A 2006, masu bincike daga Jami'ar Bonn a Jamus suna auna kogin Rhine da rassansa, sai suka ga adadin PFOA na ƙaruwa yayin da suke haurawa kogin Ruhr zuwa wani reshensa mai suna Möhne. Sawun bai kai su ga bututun wata masana'anta ba. Ya kai su gonaki ne kusa da garin Brilon, inda aka watsa wani taki da aka cakuɗa da sharar masana'antu. Ruwan sama ya wanke shi zuwa kogi, ruwan famfon wasu unguwannin garin Arnsberg ya haura nanogiram 500 a lita, kimanin mutum 40,000 suna sha. Hukumomi suka raba ruwan kwalba ga jarirai da masu juna biyu, aka girka matatan gawayi. Darasin shi ne ƙasa ma'ajiya ce: tana karɓar sinadarin, ta riƙe shi, ta riƙa sakin sa sannu a hankali shekara da shekaru.

Auna ƙasa ya fi wuya saboda ba ta gauraya kamar ruwa. Cokali biyu daga gona ɗaya na iya ba da amsa biyu. Sinadarai masu doguwar sarƙa suna manne wa ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ƙasa, masu gajeriyar sarƙa kuma su zarce zuwa ruwan ƙarƙashi. Shekaru da dama kowane ɗakin gwaji na amfani da tasa kwaskwarimar ta hanyar 537, wadda ba domin ƙasa aka tsara ta ba, don haka sakamakon ɗaki biyu ba ya kwatantuwa a gaban kotu ko hukuma.

Sai a watan Janairun 2024 EPA, tare da ma'aikatar tsaron Amurka wadda sansanoninta suka daɗe suna fesa kumfar kashe gobara, ta kammala hanya ta 1633. Tana auna sinadarai 40 a ƙasa, laka, dagwalon matatun ruwan datti, ruwan ƙarƙashi, ruwan juji da naman kifi. Ana gauraya ƙasar sosai, a ɗebi kimanin giram biyar, a zuba tagwaye, a girgiza da metanol mai ɗan amoniya har sau da dama, a tsabtace ruwan da garin gawayi, sannan a bi da shi ta mataci. Ana bayar da sakamako a nanogiram kan kowane giram na busasshiyar ƙasa. Daga toka ta Taves zuwa wannan takarda, shekara 56 ce.

Abin da ba ya cikin jeri

Duk waɗannan hanyoyi suna da iyaka ɗaya: abin da aka gaya wa na'ura ta nema shi kaɗai take gani. A 2012, Mark Strynar da Andrew Lindstrom na EPA suka ɗebi ruwa a kogin Cape Fear da ke Karolina ta Arewa, suka duba shi da na'ura mai auna nauyi dalla-dalla ba tare da jerin sunaye ba. Suka ga ƙwayoyin da ba a san su ba, wasu nauyinsu na bambanta da 50 daidai, alamar ƙarin kabon ɗaya da fulorin biyu. Cikinsu akwai GenX, wanda DuPont ya kawo a 2009 a madadin PFOA. Binciken da tawagar Detlef Knappe ta wallafa a 2016 ya sami matsakaicin nanogiram 631 a lita a inda ake jan ruwan sha na yankin Wilmington. Kamfanin Chemours, wanda ya gaji masana'antar, ya ce tun 1980 sinadarin ke fita a cikin ruwan dattinta. Gwaje-gwajen hukuma na baya ba su nuna shi ba domin ba ya cikin jerinsu, sai a 2018 aka saka shi a hanya ta 537.1.

Dabaru biyu aka samar domin rage wannan giɓi. Ta farko Erika Houtz da David Sedlak na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da ita a 2012: a dafa samfurin da sinadari mai cin abu a zafin digiri 85 na tsawon awa shida, ɓoyayyun dangin su rikiɗe su koma waɗanda na'ura ta sani, a kwatanta adadin kafin da bayan dahuwa. Ta biyu ita ce hanya ta 1621 ta 2024: a kama sinadaran da gawayi, a ƙona gawayin a zafin digiri 1,000 ko fiye, a auna fulorin da ya tashi. Dabarar Taves ce ta dawo da sabbin kayan aiki, da tsohon rauninta: ba ta faɗin suna, tana haɗawa da wasu magunguna da magungunan ƙwari masu fulorin, kuma kaifinta bai kusanci na LC-MS/MS ba.

Inda doka ta tsaya

Lambobin hukuma sun bi sawun ilimin lafiya da na ma'auni tare. Binciken da aka yi kan mutum kusan 69,000 a yankin Parkersburg ya kai wani kwamitin masana ga danganta PFOA da cututtuka shida zuwa 2012, ciki har da sankarar ƙoda da ta maraina. Shawarar EPA kan PFOA ta sauko daga nanogiram 400 a lita a 2009, zuwa 70 a 2016, zuwa 0.004 a 2022, adadin da babu gwajin yau da kullum da ke iya ganin sa. Da aka zo kafa doka a watan Afrilun 2024, hukumar ta ce burin lafiya sifili ne, amma iyakar da za a tilasta ita ce 4 ga PFOA da 4 ga PFOS, domin nan ne mafi ƙanƙantar adadin da ɗakunan gwaji ke iya aunawa da tabbaci.

Haka kuma ƙididdigar ƙasa ta sauya da kaifin ido. A binciken 2013 zuwa 2015, ba a rubuta PFOA sai ya kai 20, PFOS sai ya kai 40, kuma ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na hukumomin ruwan da aka gwada ne suka nuna wani abu. A 2023, hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, USGS, ta nemi sinadarai 32 da ma'auni mafi kaifi, ta ƙiyasta cewa aƙalla kashi 45 cikin ɗari na ruwan famfon ƙasar na ɗauke da ɗaya ko fiye. Tsarin binciken biyu ba ɗaya ba ne, amma ruwan da ke da nanogiram 15 na PFOA, wanda a 2014 za a rubuta masa "ba a samu ba", yau ya ninka iyakar doka kusan sau huɗu.

Maganar ta shafe mu ta wata ƙofa. Najeriya da Nijar da Gana duk suna cikin Yarjejeniyar Stockholm, wadda ta sa PFOS a jerinta a 2009 da PFOA a 2019, kuma wani bincike da aka wallafa a 2013 ya sami waɗannan sinadarai a dagwalon matatun ruwan datti a kudu maso yammacin Najeriya. Injiniya ko lauya ko ɗan jaridar da wata rana za a ajiye wa sakamakon gwajin rijiyar burtsatse ko ƙasar wani fili kusa da filin jirgin sama ko ma'ajiyar mai, akwai tambayoyi huɗu da tarihin nan ya bar masa. Wace hanya aka bi, kuma domin ruwa aka tsara ta ko domin ƙasa? Sinadarai nawa ne a jerin da aka nema? Daga wane adadi ɗakin ke fara rubuta cewa ya ga abu? Me kwalbar ruwa mai tsabta da ta raka samfurin ta nuna? Idan takardar ba ta amsa waɗannan ba, "ba a samu ba" da ke jikinta bai gaya masa komai game da ruwan ba tukuna.